Boris ɗin Ril da Ruwan Zartsi: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Fatsa a Accra

Tambayoyin nan su ne ke ta dawowa daga bakin 'yan'uwa masu fatsa na Nima, Mamobi, Sabon Zango, Madina da Ashaiman, musamman masu tafiya Ada ko bakin Densu ranakun Asabar da Lahadi. Aikina gyaran ril ne, wato na'urar naɗe zaren fatsa, da sauran ƙananan injuna. Yawancin tambayoyin a kan boris ne, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye a ciki da ke sa sassan ril juyawa sumul. Na tara amsoshin wuri guda don wanda ril ɗinsa ya fara kuka ya san abin da zai nema kafin ya zaro sidinsa.

Wane ruwa ake kira na zartsi, kuma a ina muke gamuwa da shi a nan?

Shi ne ruwan da ya tsaya tsakanin na daɗi da na teku. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan gram 35, na zartsi kuwa yana kamawa daga rabin gram har zuwa gram 30. Ana samunsa inda kogi ya shiga teku, da tafkunan bakin gaɓa da teku ke leƙawa. A wajenmu akwai Ada Foah inda Volta ke ƙarewa, akwai bakin Densu ƙasa da madatsar Weija, akwai Sakumono tsakanin Accra da Tema, akwai Kpeshie, sai Keta can gabas da Muni ta Winneba. Da yawansu wuraren kariya ne na yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi tun 1992, kuma mutanen wuri suna da dokokinsu na gargajiya, don haka ka tambaya kafin ka jefa ƙugiya.

Gishirin wuraren nan ba ya zama wuri ɗaya. Teku na cikowa sau biyu a yini ya turo ruwan gishiri cikin kogi. Da damina, ko in an buɗe ƙofofin Weija, ruwan ƙasa da madatsar kan yi kusan daɗi. Da rani kuwa tafkin da bakinsa ya toshe yana iya fin teku gishiri. Ai daga tafkin Songor, kusa da Ada, ake kwasar gishirin da ake sayarwa a kasuwa.

Tunda gishirinsa bai kai na teku ba, ai ɓarnarsa ma ba za ta kai ba, ko Masta?

Da ril zai zauna a jiƙe, da maganarka ta ɗan kama hanya. Amma ɗigon da ya shiga cikin boris bushewa yake yi. Ruwan ya tafi, gishirin ya tsaya, kuma kafin ya gama bushewa ya riga ya fi na teku ƙarfi. Ko bayan ya bushe ba a rabu ba, domin gishiri yana jan laima daga iska da zarar damshinta ya kai wajen kashi 75 cikin 100, abin da iskar Accra ke wucewa a yawancin darare. Ril yana rataye a ɗaki, kai kana ganin a bushe yake, ciki kuwa aiki ake yi.

Ga kuma laka da lallausan yashi, waɗanda suka fi yawa a tafki da bakin kogi. Sannan ga sakaci: wanda ya dawo daga teku ya san dole ya wanke kayansa, wanda ya dawo daga Ada kuwa sai ya ce ai kogi ya je. Ril ɗin masu zuwa bakin kogi da ke zuwa teburina sun fi na masu jifa a teku lalacewa, kuma wannan ne dalili. Duk abin da za ka saya, saye shi da niyyar teku.

Boris nawa ne a cikin ril, kuma wanne ke fara mutuwa?

A ril mai baka, wato mai lanƙwasasshiyar wayar da ake buɗewa kafin jifa, wanda yawancinmu ke riƙewa, akwai biyu a gefen babbar giya inda hannu ke shiga, ɗaya ko biyu a kan ƙaramar giya ƙarƙashin kan da ke juyawa, sau da yawa ɗaya a cikin rolar da zare ke bi ta kanta, wasu kuma a ƙullin hannu da cikin kwarkwaro, inda zare ke naɗuwa. In ka ga 5+1 a kwali, biyar ɗin masu ƙwallo ne, ɗayan kuma shi ne mai hana hannu komawa baya, wanda 'yan sanduna ne a cikinsa.

Na rola ne ke fara tafiya, kusan kullum. Duk juyi ɗaya na hannu, jiƙaƙƙen zare yana matse ruwansa a kansa, ga shi ɗan mitsitsi, ga shi a waje. In ka kwance sukurunsa za ka tarar da farin gari a bakin zaren sukurun, giris ya koma ruwan ƙasa, in ka murza shi tsakanin yatsu ka ji gurus-gurus. Bayansa sai na ƙullin hannu, sai na ƙaramar giya.

Yawan lamba a kwali kada ya ruɗe ka. Ril mai araha da aka rubuta wa 13+1 wurare goma sha huɗu ya ba tsatsa ta zauna. Mai 4+1 na kirki ya fi shi nesa ba kusa ba.

Da wane ƙarfe ake yin boris, kuma wanne zan nema?

Biyu ne suka cika kasuwa. Na farko shi ne ƙarfen boris na gama-gari mai lamba 52100, irin na mota, babur da fanka. Kabon ɗinsa kusan kashi 1 cikin 100 ne, kuromiyam kusan kashi 1.5. Yana da tauri ƙwarai, yana ɗaukar nauyi, amma wannan ɗan kuromiyam bai isa ya hana tsatsa ba. Masu sayarwa kan ce "kurom ne", mai saye ya ɗauka ba ya tsatsa, alhali shi ne sarkin tsatsar.

Na biyu shi ne sitenles mai lamba 440C. Kuromiyam ɗinsa kashi 16 zuwa 18 ne, kuma yana da isasshen kabon da za a gasa shi ya yi taurin da boris ke bukata. Ƙarfe ba ya shiga sahun sitenles sai kuromiyam ɗinsa ya kai kashi 10.5. Ga ruwan zartsi, 440C shi ne mafi ƙarancin abin da za ka yarda da shi a kowane gurbi, kuma ga yawancinmu shi kaɗai ya wadatar in an rufe shi an ba shi giris mai kyau. Sauran nau'o'in, 316 da siramik, kowanne yana da amsarsa a ƙasa.

Na sa sitenles amma ya yi tsatsa cikin 'yan watanni. An cuce ni ke nan?

Mai yiwuwa ne, duba amsar da ke kan gane jabu. Amma sitenles na gaskiya ma yana tsatsa. Abin da ke kare shi wani siririn rufi ne da ido ba ya gani, wanda kuromiyam ke yi in ya haɗu da oksijin na iska. In rufin ya ƙuje, da kansa yake sake yin wani, muddin iska na kai masa. Kulorayid da ke cikin gishiri yana huda rufin, kuma a lungun da iska ba ta shiga, kamar ƙarƙashin murfi ko tsakanin zoben boris da gidansa, ba a samun damar gyarawa. Daga nan sai 'yan ramuka su fara. Shi kuma 440C, cikin dangin sitenles, ba ya cikin masu juriyar gishiri sosai, domin yawan kabon ɗin da ya ba shi tauri ya riƙe wani ɓangare na kuromiyam ɗinsa. Abin da ka saya jinkiri ne a kan tsatsa. Wanki da giris su ne ke tsawaita jinkirin.

To me ya sa ba za a yi da 316 ba, tunda shi ake sa wa a jiragen ruwa?

Ana yi, amma ba don irin aikinmu ba. Gaskiya 316 ya fi 440C jure gishiri saboda nikel da kashi 2 zuwa 3 na molibdinam da ke cikinsa. Matsalarsa laushi: ba ya taurara da gashi, don haka ƙwallo kan lotsa hanyarsa in nauyi ya hau. A ƙullin hannu zai yi. A babbar giya, ranar da babban kifi ya ja, za ka raina kanka.

Boris na siramik fa? An ce shi ba ya tsatsa sam.

Iri biyu ne, kuma masu talla suna son a rikita su. Akwai mai gauraye, wanda ƙwallayensa kaɗai ne siramik, galibi silikon naitirayid, baƙaƙe-baƙaƙe, amma zobensa na ciki da na waje ƙarfe ne. Ƙwallon ba ya tsatsa, zoben kuwa yana yi kamar kowane 440C. In ma ba ka yi tambaya ba, kana iya samun ƙwallon siramik a cikin zoben 52100, ka biya kuɗi mai yawa ka sayi tsatsa. Amfanin mai gauraye rashin nauyi ne: ƙwallonsa bai kai rabin nauyin na ƙarfe ba, don haka yana saurin tashi da juyi. Wannan yana da rana a ril mai kwarkwaro kwance, wanda kwarkwaron kansa ke juyawa lokacin jifa. A ril mai baka kwarkwaro ba ya juyawa lokacin jifa, saboda haka ko taku ɗaya ba zai ƙara wa nisan jifarka ba.

Na biyu shi ne siramik zalla, zobe da ƙwallo duka, sau da yawa farar zikoniya. Wannan da gaske gishiri ba ya cin sa. Sai dai yana da ƙara, yana da tsada, kuma yana tsagewa in ya bugu ko an danna shi da ƙarfi cikin gida mai matsi. Wurin da nake ganin ya cancanci kuɗinsa ɗaya ne: rola, inda nauyi kaɗan ne kuma ruwa ba ya yankewa. Ko a nan ma yashi yana shiga ya tsayar da shi, sai an riƙa wankewa.

Mene ne ABEC 5 da ABEC 7? Na fi son mai babbar lamba.

ABEC ma'auni ne na ƙungiyar masu ƙera boris ta Amurka, ABMA, mai matakai 1, 3, 5, 7 da 9. A tsarin ISO su ne P0, P6, P5, P4 da P2. Abin da yake aunawa shi ne yadda girman boris da zagayensa suka dace da awon da aka tsara. Awon tela ne: yana gaya maka riga ta zauna daidai a jiki, bai ce komai a kan ko yadin zai jure wanki ba. Bai shafi irin ƙarfe ba, bai shafi murfi ba, bai shafi mai ba. ABEC 7 na 52100 zai riga ABEC 1 na 440C mutuwa a Sakumono.

Manyan matakan an yi su ne don injuna masu gudun dubban juyi a minti. Hannunka ba ya yin wannan gudun. ABEC 3 ko 5 ya ishi kowane gurbi, kuma ka sani buga lamba 7 ko 9 a leda ba ya cin ko pesewa.

Buɗaɗɗe, ZZ ko 2RS: wane murfi ya dace?

Wannan tambaya ta fi ta ABEC muhimmanci sau goma, amma ba a cika yin ta ba. Buɗaɗɗe ba shi da murfi, kana ganin ƙwallayen. Yana da sauƙin wankewa, amma komai na shiga. ZZ yana nufin murfin ƙarfe gefe biyu. Murfin ba ya taɓa zoben ciki, akwai ɗan tsaga, saboda haka yana tare yashi ya riƙe giris, amma ruwa yana ratsawa. 2RS murfin roba ne gefe biyu, kuma a yawancinsu leɓen robar yana shafar zoben ciki, shi ya sa ya fi tare ruwa, ya kuma fi nauyin juyi kaɗan.

Ga ruwan zartsi ina sa 2RS a gefen babbar giya, ƙullin hannu da duk inda juyi ke tafiya a hankali. Ɗan nauyin da yake ƙarawa bayan fita ɗaya ko biyu ka daina jin sa. A kwarkwaron ril mai kwarkwaro kwance kuwa, ZZ ko robar da ba ta taɓa zobe, in ba haka ba jifa ta mutu.

Abu ɗaya game da ZZ: ruwan da ya shiga ba ya fita da sauƙi. Nemi irin wanda siririyar waya mai siffar C ke riƙe murfinsa, domin ana cire ta da bakin ƙugiya mai kaifi a wanke ciki a mayar. Ka yi aikin a cikin farar leda, hannu biyu a ciki. Wayar nan in ta yi tsalle a ɗakin da aka shimfiɗa darduma, ka yi mata addu'a kawai.

Ina ganin A-RB, CRBB, HPCR da IPX a jikin ril. Gaskiya ne ko talla?

Sunaye ne da kamfanoni suka ba boris ɗinsu na sitenles da aka ƙara wa juriyar tsatsa. A-RB na Shimano ne, S A-RB kuma mai murfi. CRBB na Daiwa ne, HPCR na Abu Garcia. Sun fi sitenles na gama-gari daɗewa, ba musu, amma babu wanda aka yafe wa wanki. Daiwa kuma tun 2010 suna da Magsealed, wani mai da maganaɗisu ke riƙewa ya toshe hanyar ruwa. In ril ɗinka na da shi, kada ka zuba wa wurin fetur ko wani mai, domin za ka wanke abin da ba za ka iya mayarwa da man gida ba.

IPX kuwa ba maganar boris ba ce, maganar jikin ril ce, kuma Penn na cikin masu yawan rubuta shi. IPX5 da IPX6 jure feshin ruwa ne, IPX7 nutsewa mita ɗaya na minti 30. Da ruwan daɗi ake yin gwajin, kuma a kan sabon ril mai sabuwar roba. Na hom-yus da ya sha hannu ba lallai ya riƙe alkawarin da ke rubuce a jikinsa ba.

Yaya zan san girman da zan saya?

Lamba uku a milimita, a jere: ramin ciki, faɗin waje, kauri. Auna tsohon da baniya irin ta makanikai. Rula ba ta isa ba, domin rabin milimita yana raba mai shiga da marar shiga. In kana da takardar zanen sassan ril ɗin, ita ma tana taimakawa. Waɗanda na fi cin karo da su: MR74 mai 4x7x2.5 a rola da ƙullin hannu, 623 mai 3x10x4 a kwarkwaro, MR105 mai 5x10x4, MR115 mai 5x11x4, 687 mai 7x14x5, da 688 mai 8x16x5. Harafin S a gaba, kamar SMR105 ko S688, shi ne alamar sitenles. F kuma yana nufin mai leɓe a zoben waje.

Ga tarkon da ke kama mutane: lamba ɗaya tana iya zuwa da kauri biyu. MR105 buɗaɗɗe kaurinsa 3 ne, mai murfi 4. 688 buɗaɗɗe 4, mai murfi 5. In ril ya zo da buɗaɗɗe ka sa mai murfi ba ka auna ba, murfin gefe ba zai zauna ba, ko giya ta matse. Kuma ka lura da siraran wasa, wato 'yan faya-fayan ƙarfe, da ke bayan boris na babbar giya. Su ke daidaita haɗuwar haƙoran giya, kowanne ya koma inda aka same shi.

Ta yaya zan gane sitenles na gaskiya? Wani ya ce in gwada da maganaɗisu.

Wanda ya gaya maka tukunya da cokali ya sani. 440C na gaskiya maganaɗisu yana kama shi tsam, kamar yadda yake kama 52100. Wanda ba ya kamuwa sosai shi ne 316, kuma na faɗi a sama dalilin da ya sa ba shi ne abin nema ba. Ido ma ba ya rabawa, duka biyun ƙyalli suke yi a leda.

Gwajin da ke aiki yana cin boris ɗaya da kwana ɗaya ko biyu. Zuba fiyawota biyu a roba, lita ɗaya ke nan, ka narka babban cokali ɗaya na gishiri, kusan gram 18, ka samu ruwan zartsi na gida. Wanke man da ke jikin boris ɗin tas, ka jiƙa tsumma da ruwan, ka ɗora shi a kai a inuwa. 52100 zai wayi gari da jan tabo, har tsumman ya rine. 440C zai kai wannan lokaci da haskensa ko da ɗan ɗigo kaɗan. In za ku sayi da yawa ku raba tsakaninku, ku sadaukar da ɗaya tukuna.

Wajen saye, Abossey Okai kasuwar kayan mota ce, boris ɗinta manya ne kuma galibi 52100, abin da mota ke bukata ke nan. Ƙananan sitenles sai dillalan boris na masana'antu, shagunan kayan fatsa, ko oda ta intanet. Ko ina ne, a rubuta maka girma, 440C, irin murfi, da ko giris ne a ciki ko mai. Mai sayarwar da amsarsa ɗaya ce, "orijina ne, Alhaji", bai san abin da yake sayarwa ba.

Giris zan sa ko mai? WD-40 fa?

Inda juyi ke tafiya a hankali, giris. Inda ake son gudu, mai. Gefen babbar giya, ƙaramar giya da ƙullin hannu suna son giris na ruwa, irin wanda ake sa wa injin kwalekwale, kuma ana samunsa wajen masu kayan injin a Jamestown, Chorkor da tashar masunta ta Tema. Boris ɗin da giris ya cika ba shi da gurbin da ruwa zai zauna, kuma wannan ya fi kowane suna da aka buga a kwali kare ƙarfe. Rola ma giris nake sa mata mai laushi, ko da yake wasu sun fi son ɗigon mai bayan kowace fita. Duka biyun suna yi in an dage. Kwarkwaron ril mai kwarkwaro kwance ɗigo ɗaya na man ril, ko man keken ɗinki in babu.

WD-40 yana korar ruwa yana kwance abin da ya cije, amma yana narkar da giris, kuma abin da yake bari ba ya daɗewa. A goge waje da shi, kada a fesa a ciki. Baƙin man inji, man ja, man gyaɗa da man kaɗanya duk na gan su a cikin ril. Na girki suna daskarewa su yi danƙo, baƙin mai kuwa da dattinsa yake zuwa. Kada kuma a haɗa giris iri biyu, a wanke tsohon tukuna.

Shi mai hana komawa baya, yaya ake yi da shi?

Shi ne wanda bai son giris mai kauri. 'Yan sandunansa suna aiki ne ta hanyar cijewa, in giris ya riƙe su sai hannu ya riƙa zamewa baya daidai lokacin da kifi ya ja. Shafa masa mai siriri kaɗan. Da yawansu ba sitenles ba ne, kuma samun madadinsu ya fi na sauran wuya domin kowane ril da nasa fasali, saboda haka kare shi ya fi neman sabo: ɗan giris a bakin murfin da ke samansa, inda ruwa ke bi ya sauko. Kafin ka cire shi, ɗauki hoto da waya. In ka juya shi, hannu zai riƙa tafiya baya ya ƙi gaba.

Yaya ake wanke ril bayan an dawo?

A ranar, kafin gishiri ya kwana. Ɗaure birkin kwarkwaro don kada ruwa ya shiga faifansa. Riƙe ril kansa sama, ka zuba ruwan daɗi a hankali. Fiyawota biyu da aka huda wa ƙaramin rami sun isa, har a bakin ruwan ma kafin ka hau mota. Kada ka sa shi ƙarƙashin famfo mai ƙarfi, kada ka tsoma shi a bokiti, domin duka biyun tura gishirin suke yi ciki. Ka bi rola da yatsa tana juyawa ruwa na zuba, ka jiƙa zaren da ke kan kwarkwaro sosai, shi ma rumbun gishiri ne. Karkaɗe, goge, shanya a inuwa, sannan ka sassauta birki kafin ka ajiye.

Kada ya kwana a leda ko a but ɗin mota. Da hunturu a rufe shi da ƙyalle saboda ƙura. Masuntan bakin tekun nan ba sa fita ranar Talata, ranar ɗinkin koma da duba inji ce. Mai zuwa ruwa kowane mako ya ari wannan al'ada ya ware ranar da zai buɗe rola ya duba. Buɗe ril gaba ɗaya kuwa, sau biyu a shekara ga mai yawan fita, kafin damina da bayanta.

Ril ɗina ya faɗa cikin ruwa a Ada. Ya mutu ke nan?

Bai mutu ba in ka yi sauri. Daina juya hannun, domin yashi ya riga ya shiga. A wannan hali kaɗai ne nake cewa a tsoma shi cikin ruwan daɗi a jijjiga, tunda ruwa ya riga ya kai ko'ina. Sannan a buɗe shi a ranar ko washegari, a fitar da kowane boris, a wanke, a busar, a sa sabon giris. In giris ya yi fari-fari, ruwa ya gauraya da shi, a kwashe duka. Wanda ya bari sai mako mai zuwa, sabbin boris zai saya.

Yaya zan san boris ya tafi, kuma ana iya ceto mai tsatsa?

Cire shi, ka jiƙa shi a kananzir ko sipirit ya saki tsohon mai, amma ka cire murfin roba tukuna don wasu sinadarai suna kumbura shi. In ya bushe, soka shi a tsinin fensir ko tsinken tsire, ka juya zoben waje da yatsa a hankali. Lafiyayye yana tafiya sumul. In ka ji yana tsallake wani abu a wuri ɗaya kowane zagaye, rami ne a hanyar ƙwallo, kuma babu man da ke cike rami. In gurus-gurus ɗin ya tafi bayan wanki na biyu, datti ne kawai, mayar da shi. Jan tabo a bayan zoben waje ba komai, a goge. Kada ka hura busasshen boris da iskar kwamfuresa don ka ji yana kuka. Gudun da yake yi ba mai yana lalata shi.

Tsohon ya cije a gidansa ya ƙi fita. In buga?

A'a. Abin da ya riƙe shi farin garin nan ne. In sitenles ya zauna jikin alminiyam kuma ruwan gishiri ya haɗa su, wata 'yar wutar lantarki ce ke gudana tsakaninsu, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Ril mai jikin magniziyam ya fi shan wannan wahala, shi ya sa ba na ba da shawararsa ga bakin kogi. Ɗiga mai kwance tsatsa ka bar shi ya kwana. In jikin alminiyam ne, ɗumama shi da na'urar busar da gashi, domin alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe, sai boris ya saki. Jikin roba ba a gasa shi.

Wajen sa sabo, kankare garin, shafa giris siriri a gidan don ya raba ƙarafan biyu, ka danna da yatsa ko da soket daidai zoben waje. In a kan sanda yake hawa, zoben ciki za ka danna. Ƙarfin da ya bi ta kan ƙwallaye yana lotsa hanyarsu tun kafin ril ya ga ruwa.

Ni a Kumasi nake, Bosomtwe da madatsun ruwa nake zuwa, Ada sai jefi-jefi. Sai na canja duka?

Ba sai ka canja ba, ɗan'uwa. Ruwanku na daɗi ne, boris ɗin da ril ya zo da su za su kai ka. Kafin tafiyar Ada ka cika rola da ƙullin hannu da giris na ruwa, ka wanke a can kafin ka kamo hanya, kada ka bari sai ka iso gida bayan sa'o'i a mota. In ka dawo ka buɗe rola ka duba. In za ka nemi sabo a Suame Magazine, tafi da tsohon da awonsa a rubuce, ka kuma yi gwajin gishirin da na bayyana a sama.

Kuɗina ba su kai na canja duka ba. Da wanne zan fara?

Rola tukuna, S a gaban lambarsa. In babu, bushin na roba, wato zobe marar ƙwallo, daidai girman gurbin ya fi boris na 52100, kuma ril da yawa da shi suke fitowa daga masana'anta. Ba ya tsatsa, ɗigon mai kawai yake so. Ƙullin hannu ma bushin ya ishe shi. Abin da ya rage ka sa a na ƙaramar giya, domin shi ke tsaron mai hana komawa baya. Na gefen babbar giya su ne na ƙarshe, sai dai in gwajin fensir ya nuna sun riga sun tafi. In kana oda, ƙara na rola biyu ko uku a kai, ka ajiye su cikin ledarsu da ɗigon mai.